Na Gwada Shi, Abba

Tun da aka ci abincin rana Gwaggo take zaune a bakin gadon Auta tana zuba, kamar rediyon da makunninsa ya lalace.

"Ke dai ba ki san ciwon kanki ba, 'yar nan. Mutum da kamfaninsa, da motocinsa, ga kunya, ga ladabi, in zai gaishe ni har ƙasa yake kaiwa. Me kuma kike nema? Sai ki je ki liƙe wa mai haɗa bidiyo a ƙarƙashin bene, wanda da an ɗauke wuta sana'arsa ta tsaya?"

Auta ta ci gaba da goge fitilar nan mai zobe da take haska fuskarta da ita in za ta ɗauki bidiyo. Sababbin awarwaron da ke hannun Gwaggo sai kacau-kacau suke yi, don ita in tana yabon Mai Kamfani har da hannu take yi.

Duk wanda ke riƙe da waya ya san Auta, ko da bai san sunan da ake kiranta da shi a gida ba. Ita ce mai shafin nan da ake kira "Na Gwada". Tukunyar lantarki, sabulun wanki, man gashi, dutsen guga, duk abin da mata ke saye suna cizon yatsa daga baya, sai ta saya da kuɗinta, ta yi amfani da shi, sannan ta fito ta faɗi gaskiyarsa. In mai kyau ne ta ce mai kyau ne. In tarkace ne ta ce tarkace ne, mai kayan ya je ya yi ta fushi.

Da shafin ya bunƙasa, sai kamfanoni suka fara bin ta suna biya don ta nuna kayansu. Ba ta ƙi ba, don da wannan take ci, da shi take sayen maganin hawan jinin Umma. Amma ta kafa ƙa'ida guda wadda ko a mafarki ba ta taka ta. Abin da ta gwada da kanta, da bakinta take buɗe bidiyon da "Na gwada". Abin da aka biya ta kuwa, sai ta ce, "Wannan talla ce, ban gwada ba," kuma kalmar TALLA da jan rubutu tana nan a saman bidiyon daga farko har ƙarshe.

Kalmar nan ta ja mata magana ba kaɗan ba. Gwaggo kan ce, "An kashe kuɗi an kai ki jami'a, kin dawo kina rubuta wa kanki 'yar talla da jan alƙalami!" Masu kamfani kuwa ba abin da suka tsana kamarta, don sun san mata ba sa rububin abin da aka rubuta wa talla kamar yadda suke rububin wanda Auta ta ce ta gwada.

Wanda ke liƙa jan rubutun nan a kowane bidiyo shi ne Gwani. Ita ta raɗa masa sunan. Shi ke yanke bidiyon, ya gyara murya, ya ɗora a shafi, don lambar sirrin ma tana hannunsa. Daga aiki aka koma hira, daga hira aka wayi gari in bai kira ba abinci ba ya shiga cikinta. Sai dai Abba ya tsaya a kan magana ɗaya tun bara: "Ba talaucinsa nake ƙi ba. Amma ba zan ɗauki 'yata in ba wanda ba shi da tsayayyen aiki ba."

Ana cikin haka Mai Kamfani ya ɓullo. Tallar man shafawarsa mai suna Sheƙi ce ta kawo shi, ya ga Auta, ya ce shi fa ya ga mata. Ta gaya masa tun a ranar cewa da mai ita. Ya yi murmushi, ya bi ta bayan gida, ya kama ƙafa da Gwaggo.

Wayar Auta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga wata da ba ta sani ba. Ta danna ba tare da tunanin komai ba, sai kuka ya cika ɗakin.

"Anti, me na yi miki? Kin ce kin gwada! Wallahi ban taɓa shafa komai a fuskata ba sai da na ji kin ce kin gwada. Bikina ya matso, Anti. Dubi fuskata. Don Allah dubi fuskata!"

Hoton ya biyo baya. Kumatun yarinyar sun saɓule, sun yi jawur, goshinta duk ƙuraje masu ruwa. A gefen hoton ga kwalbar Sheƙi.

Gwaggo ta leƙo, ta ja tsaki. "Mahassada ne. Wa ya sani ko ruwan zafi ta..."

Auta ba ta ji sauran ba. Ta buɗe shafinta. Ita ba ta kallon bidiyonta bayan an ɗora, ta ce muryarta kunya take ba ta, kuma me za ta duba tunda Gwani ne? Ta lalubo bidiyon Sheƙi ta kunna.

Babu jan rubutu. Saman bidiyon fes, kamar ba a taɓa sa komai ba. Kuma inda ta ce talla ce ba ta gwada ba, an yanke. A madadinsa, yayin da ake nuna kwalbar ita kaɗai, sai ga muryarta, tata ta kanta, an ciro daga wani tsohon bidiyo an dasa: "Na gwada."

An yi aikin da kyau, wannan kam ba a magana. Ko ɗinkin ba a gani. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai hannu irin wannan.

Ta figi mayafinta.

"Ina za ki? Ke! Mai Kamfani fa yana tafe wajen babanki da la'asar!"

Ko waiwaye ba ta yi ba.

Shagon Gwani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani benen 'yan kasuwa, tsakanin mai gyaran waya da mai buga kati. Kwamfuta biyu, fanka mai kuka, da kujerar roba wadda ya ce ta Auta ce, ba mai zama a kai. Yau kuwa ta tarar da shi cikin sabuwar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, yana tattara wayoyin kwamfuta a kwali.

Da ya gan ta fuskarsa ta washe. "Auta! Yanzu nake shirin kiranki. Zauna, ina da albishir."

Ta ajiye wayar a kan teburinsa, hoton yarinyar a buɗe. "Duba wannan tukuna."

Ya duba. Murmushin ya zube. Ya kai hannu zai taɓa wayar, ya fasa.

"Ina jan rubutuna, Gwani?"

"Auta, ki zauna in yi miki bayani."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina jan rubutuna? Wa ya sa mini magana a baki?"

Ya jawo ƙofar shagon ya tura, don mai gyaran waya ya riga ya miƙo wuya. Sannan ya juyo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Shi ya zo da kansa. Nan ya tsaya, inda kike tsaye. Ya ce ya gane ba ya gabanki, ya haƙura. Ya ce yana neman wanda zai riƙe masa sashen bidiyo na kamfani, da albashi, da ofis. Tsayayyen aiki, Auta! Abin da Abba ya ce in kawo. Ya ce zai janye, ba zai sake taka gidanku ba. Abu ɗaya kawai ya roƙa..."

"Ka sayar da ni."

"Kalma ɗaya ce fa!"

Kai, jama'a! Da ya yi shiru da ya fi masa. Auta ta ji wani abu ya taso mata tun daga ƙafa har ƙwaƙwalwa.

"Kalma ɗaya? Kai ne yau kake ce mini kalma ɗaya? Kai da ka ga ranar da na mayar wa masu man gashi kuɗinsu saboda kalmar nan, na koma gida a ƙafa? Kai da ka ce abin da ya sa ka fara sona ke nan? Ashe daɗin baki ne!"

"Ba daɗin baki ba ne, wallahi."

"To mene ne? Ni ba ni da shago, Gwani, ba ni da kamfani, ba ni da gadon kowa. Abin da nake da shi a duniya shi ne in na ce na gwada, mace ta yarda ta shafa a fuskarta, ta ba ɗanta, ta sa a tukunyarta. Shi kaɗai ne jarina. Na ɗauka na damƙa maka, har da lambar sirri, ka kai kasuwa!"

Hawaye suka zubo masa. Bai ko share ba. "Na gaji ne, Auta. Na gaji da zuwa gidanku ina zama a bakin ƙofa kamar mai jiran sadaka, Gwaggo tana wuce ni tana toshe hanci. Kullum in na kwanta sai in ga an ɗauke ki an kai gidan wani. Ya rantse mini man ba shi da illa. Na ce bidiyo ɗaya ne, zai wuce, ba wanda zai lura. Don mu na yi. Don ke na yi."

"Kar ka ƙara cewa don ni!" Ita ma kukan ya ƙwace mata. "Da don ni ne da ka tambaye ni. Ka san abin da zan ce, shi ya sa ba ka tambaya ba. Wannan yarinyar fa? Ita ma aure za ta yi. Ita ma akwai wanda take so ya gan ta da kyau. Ka ƙona mata fuska don a ɗaura naka?"

Ya durƙusa a gaban kujerar robar, ya dafe kansa. "Zan cire bidiyon yanzu. Zan mayar masa da aikinsa. Zan je in nemi yarinyar. Ki ce in yi komai, zan yi."

"Ka cire shi daga shafi. Daga fuskarta fa, wa zai cire?"

Fankar nan ta ci gaba da kukanta.

Abin haushin shi ne, ko a lokacin, da ta dube shi a durƙushe cikin rigar da ya saya don ya je gaban Abba, sai da zuciyarta ta karye. Son shi take yi. Da za a tsaga ƙirjinta a cire son nan a jefar, da ta gode. Ta ɗauki wayarta, ta canja lambar sirrin a gabansa, ta fita.

Motar Mai Kamfani ta riga ta cike ƙofar gidansu. Wanda aka ce ya rantse ba zai sake taka gidan ba! Tana shiga tsakar gida Umma ta tare ta da ido jajur, ta nuna falo da haɓa. "Babanki na kira."

Abba yana kan kujerarsa, tabarau a hannu. Gwaggo a gefe, baki har kunne. Mai Kamfani kuwa ya zauna a ƙasa kan kafet, ya naɗe ƙafa, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Turarensa ya cika ɗakin har yana hawa kai.

Auta ta gaishe da Abba ta zauna kusa da ƙofa.

"Maimaita abin da ka gaya mini," in ji Abba.

Mai Kamfani ya gyara murya. "Abba, wallahi da nauyi nake faɗa. Ni dai na ga ana neman a damƙa amanar yarinya a hannun wanda ba a sani ba, hankalina ya ƙi kwanciya. Shi ne na ce bari in yi irin nata." Ya ɗago ya yi wa Auta murmushi. "Na gwada shi. Ɗan aiki kawai na nuna masa, ya sayar da sunanta ko ciniki bai yi ba. Kaya ne marar inganci, Abba."

"Kun ji ko!" Gwaggo ta tafa hannu, awarwaro suka amsa. "Ni dama tun ranar da na ga idon yaron nan..."

"Ita yarinyar da Gwaggo ta ce fuskarta ta ɗan yi ja," ya ci gaba, "ba wani abu ba ne, zan sa a kai ta asibiti a rufe maganar. Auta ba sai ta ce komai a shafi ba. In an zama ɗaya, ai sunanta sunana ne, ni zan kare shi."

Auta ta ji kamar ta tashi ta kife shi da mari. Ta danne, ta dubi mahaifinta. "Abba, a ba ni izini in yi magana?"

Ya ɗaga mata kai.

Ta juya ga Mai Kamfani. "Malam, ni in zan gwada abu, a jikina nake gwadawa. Kai da za ka gwada mutum, sai ka gwada a fuskar 'yar mutane? Fuskar da kake cewa ta ɗan yi ja, ga ta." Ta miƙa wa Abba wayar. "Man da ka rantse ba shi da illa ne ya yi wannan. Kuma ko ka kai ta asibiti ko kar ka kai ta, yau ɗin nan zan fito in gaya wa mata cewa ban taɓa gwada Sheƙi ba, kuma kar wadda ta kuskura ta shafa. Ni ma da na riƙe kwalbar ina murmushi ban san abin da ke ciki ba, zan nemi gafararsu."

"Akwai yarjejeniya tsakaninmu fa," ya ce, murmushin ya fara bushewa.

"Akwai. A cikinta aka ce da jan rubutu. Ka kai ni duk inda za ka kai ni."

"Ke, rufe mana baki!" Gwaggo ta zabura. "Marar kunya! Mutumin da ya rufa miki asiri, mutumin da samun irinsa sai an tona, mai hannun kyauta, mai..."

"Gwaggo." Auta ta sassauta murya, ta dubi hannun Gwaggon. "Don Allah in tambaye ki, ba raini ba. Yabon nan da kike yi masa tun watannin baya, safe da yamma, gwadawa kika yi, ko talla ce?"

Gwaggo ta ja hannun rigarta a hankali tana rufe awarwaron, amma ina, sai da suka yi kacau.

Abba ya sa tabaransa. Ya daɗe yana kallon hoton yarinyar, sannan ya kalli hannun ƙanwarsa, har sai da ta sunkuyar da kai.

"Yaya, ai kyauta ce kawai ya..."

"Da kin faɗa tun farko, da na san yadda zan saurare ki." Ya juya ga Mai Kamfani. "Bawan Allah, na gode da ziyara. Wanda zai haƙa wa yaro rami ya rufe da 'yar wani, ba shi da wurin zama a falona. Ka gaida gida."

Mai Kamfani ya buɗe baki, ya ga fuskar Abba, ya rufe. Ya tashi yana kaɗe riga ya fita, ko sallama babu. A bakin ƙofa ya yi karo da mutum, ya ja tsaki ya wuce.

Gwani ne. Ashe ya biyo ta. Yana tsaye a bayan labule, takalmansa a hannu, sabuwar rigar ta jiƙe da gumi. Auta ce kaɗai take hango shi daga inda take zaune.

Abba ya cire tabaran ya murza idonsa. Da ya sake magana, muryarsa ta yi laushi irin yadda ba ta taɓa ji ba.

"Auta, na yi kuskure. Na tsaya ina neman aiki a wajen yaro, ga mai aikin nan mun ga halinsa. Na janye wannan sharaɗin." Ya numfasa. "Maganar da mutumin nan ya faɗa a kan yaron kuwa, ban ɗauka ba. Ba a jin aibin kaya a bakin abokin gasa. Ke zan tambaya. An ce duk abin da kika ce kin gwada, mutane rufe ido suke yi su karɓa. To ni ma yau zan rufe ido. Yaron nan, kin san shi, kin yi aiki da shi. Mai amana ne? In kika ce mini e, na ba shi ke, yanzu, kafin in tashi daga kujerar nan."

Wayyo Allah. Tambayar da ta yi ta roƙon Allah Abba ya yi mata, tun bara. Ta tanadi amsarta, ta maimaita ta a gaban madubi ba adadi. Sai yau ya tashi yin ta.

Umma ta leƙo daga ɗaya ƙofar, ta haɗa hannuwa a ƙirji, tana yi mata alama da ido: ki ce e, 'yar nan, ki ce e. Ba wanda zai ƙaryata ta. Mai Kamfani ya tafi, bakin Gwaggo ya mutu. Ita ma kalma ɗaya ce.

Ta dubi labulen. Gwani bai roƙe ta da ido ba. Kallonta kawai yake yi, hawaye na bin gemunsa, ya rungume takalmansa a ƙirji. Wayarta da ke kan gwiwar Abba ta sake haske, wani saƙon ya shigo, fuskar yarinyar nan ta bayyana a kai.

"Ina jin ki," in ji Abba.

"Ina son shi, Abba." Idonta na kan labulen. "Wannan kam na gwada, na gwada cire shi ma, ya ƙi fita. Ban taɓa son wani ba, kuma ban san ko zan iya ba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Na sani."

Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta daina kallon labulen, ta dubi mahaifinta ido cikin ido.

"Na gwada shi, Abba. In na ce maka yau mai amana ne, talla ce."

A bayan labule, takalmi ɗaya ya suɓuce ya faɗi ƙasa.